Arish a Bakin 'Yan Kasuwa

Baffana ya tsufa yana kasa dankali a bakin titi a Isolo ta Legas, amma ban taɓa jin ya ce "dankalin Turawa" ba. Wannan sunan na 'yan rediyo ne da littafin makaranta. Shi arish yake cewa, haka dillalin da ke sauke masa buhu a kasuwar Mile 12, haka Bayarabiyar da ke zuwa taya bokitin fenti ɗaya tana rantsuwa ya yi tsada. In ka ce dankali kawai, na Hausa za a miƙo maka, mai zaƙin nan da wasu ke kira lawur ko kudaku.

Arish dai sunan mutanen Ayalan ne da harshenmu ya murɗa, alhali ba su ne masu dankalin ba. Asalinsa duwatsun Andis ne, wajajen Peru da Bolibiya, kuma Sifaniyawa ne suka kai shi Turai wajen 1570. Talakan Ayalan ya rungume shi har ya zama shi ne ci safe da dare. Da ciwon ruɓa ya faɗa wa gonaki a 1845, yunwa ta kashe mutum kusan miliyan ɗaya, wasu kamar haka suka yi hijira, akasari zuwa Amurka. A wajen masu jin Ingilishi sunansu ya manne wa dankalin don a bambanta shi da mai zaƙi, mu kuma a hannunsu muka karɓa.

Turawan mishan da na haƙar kuza su suka baza shi a tsaunin Jos, inda sanyi ya karɓe shi. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin mulkin mallaka ta ƙarfafa nomansa don ciyar da soja. Har yau mafi yawan wanda ake ci a Legas daga Bokkos da Mangu da Barikin Ladi yake fitowa, kuma a Kuru ake binciken irinsa.

Abin da ke burge ni shi ne a cikin rumfa kalmar arish ma ba ta isa. Baffa kan ɗauki ƙwaya ɗaya, ya kankare bawon da farce, ya tambayi dillali, "Nikola ne ko Marabel? Na damina ne ko na rani?" Na damina yakan zo da laima, in tirela ta kwana a hanya zafin kudu ya dafa shi cikin buhu, sai ka tarar ƙasan ya fara wari. Shi ya sa ba ya biya sai an zazzage masa buhun gaba ɗaya a ƙasa, ko da 'yan dako za su yi ta gunaguni.

Yaranmu da aka haifa a Agege kuwa yanzu cif suke cewa, ko ɗanye ne, don a soye suka fara saninsa.