Issaka Dabore da Lambar Olamfik ta Farko a Tarihin Nijar

Issaka Dabore ɗan damben boksin ne na Jamhuriyar Nijar. An haife shi a 1940 a Dingazi Banda, cikin ƙasar Zabarmawa ta jihar Tilaberi, ya rasu a watan Disamba na 2021 yana da shekara 81. Shi ne mutum na farko da ya wakilci Nijar a wasannin Olamfik, kuma shi ne ya fara kawo mata lambar yabo. Tsakanin zuwansa na farko da cin lambar akwai shekara takwas da tafiya uku: Tokiyo a 1964, Meksiko a 1968, sai Munik a 1972.

Tun kafin a san safar hannu da dandamali mai igiya, ƙasar nan tana da damben kanta. A kudancin Nijar, daga Maraɗi zuwa Damagaram, musamman garuruwan da ke dab da iyakar Daura irin su Matamaye da Kance da ƙauyukansu kamar Dungu, dambe wasan kaka ne. Idan an gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, sai a share fili da yamma, makaɗan kalangu su zauna, ƴan dambe su fito suna kirari. Asalinsa wasan rundawa ne, mahauta masu bin kasuwa-kasuwa, daga baya ya zama na duk saurayin da ke jin ƙarfi. Hannu ɗaya ake naɗewa da zare, ɗayan ya tsaya yana tarewa da auna nisa. Turmi uku ake yi, wanda ya kai abokin karawarsa ƙasa ya yi kisa. Ba a auna nauyin kowa, ba a duba agogo. Idon manya da zuciyar ɗan wasa ne ke haɗa kowa da sa'ansa. Waƙoƙin da mawaƙi Ɗan Anace ya yi wa ɗan dambe Shago sun karaɗe ɓangarorin iyakar biyu. Kokowa kuwa ta fi dambe yaɗuwa, don Bahaushe da Bazabarme da Babarbare duk suna yin ta.

Damben safar hannu daga Ingila ya fito. Dokokin Queensberry da aka wallafa a 1867 su ne suka tsayar da sanya safa, da turmi na minti uku, da ƙirga goma ga wanda ya faɗi, daga baya aka raba ƴan wasa aji-aji bisa nauyi. Faransa ta karɓi wasan hannu bibbiyu, ta hanyarta kuma ya shigo ƙasashen da ta mallaka. Wanda ya fara nuna wa duniya abin da ɗan Afirka ta Yamma zai iya shi ne Battling Siki, haifaffen Saint-Louis ta Senegal. Ranar 24 ga Satumba 1922 a Faris ya kayar da Georges Carpentier, gwarzon Faransawa, a turmi na shida, ya karɓe kambun duniya na ajin kilo 79, wato ajin da a lokacin yake bin na manyan masu nauyi. Bai daɗe da kambun ba, domin Mike McTigue ya karɓe shi a Dublin a watan Maris na 1923, shi kuma Siki aka harbe shi a titin New York a ƙarshen 1925. Amma ya riga ya buɗe ƙofa. A 1957 Hogan Bassey na Najeriya ya zama zakaran duniya, Dick Tiger ya biyo baya a 1962, sannan a 1966 ya hau aji ya ƙwace kambun da Siki ya taɓa riƙewa daga hannun José Torres.

Duk waɗannan mutanen kudu ne da bakin teku, inda jiragen ruwa da sojoji da makarantun Turawa suka fara sauka. Nijar ba ta da teku, wasan ya iso mata a makare, kuma da ya iso a babban birni ya zauna. Tun 1926 Faransawa suka ɗauke hedkwatar mulki daga Zindar, wato Damagaram, suka mayar Yamai, saboda haka duk wani sabon abu na gwamnati can yake fara sauka. Tsakanin Yamai da Damagaram akwai tafiyar kusan kilomita 900. Wannan nisa yana da muhimmanci a tarihin wasan: yankin da ya fi kowane yawan masu naushi na gado shi ne ya fi nisa da wurin da ake koyar da naushin da duniya ke ba wa lamba.

Da Nijar ta sami ƴancin kai ranar 3 ga Agusta 1960 a ƙarƙashin Diori Hamani, sababbin ƙasashen Afirka suna neman hanyar da za a ga tutarsu a idon duniya. Dambe ya fi sauran wasanni sauƙin kai wa ga haka. Ƙungiyar ƙwallon ƙafa tana bukatar mutum ashirin da kuɗin jirginsu, ɗan dambe kuwa shi da mai horar da shi sun isa. A wasannin Rum na 1960 Clement Quartey na Gana ya ci azurfa a dambe, ya nuna cewa abin mai yiwuwa ne. An kafa kwamitin Olamfik na Nijar a 1964, a shekarar kuma ƙasar ta aika ɗan wasa guda ɗaya tak zuwa Tokiyo. Dabore ke nan, yana da shekara 24.

A Tokiyo ya shiga ajin kilo 67. Damben Olamfik na wancan zamani turmi uku ne na minti uku-uku, alƙalai biyar a gefe suna ba da maki, babu hular kare kai, kuma wanda ya faɗi sau ɗaya ya fita ke nan. Dabore ya ci wasa biyu a jere ya shiga cikin takwas na ƙarshe. A dambe wannan mataki shi ne ƙofar lamba, domin tun wasannin 1952 ba a sa waɗanda suka faɗi a wasan kusa da na ƙarshe su sake karawa. Kowannensu tagulla ake ba shi. Wanda ya haye matakin ƴan takwas ya riga ya sami abin kai wa gida. A nan Pertti Purhonen na Finlan ya tsayar da shi da maki, ya tafi da tagullar, Marian Kasprzyk na Folan ya ci zinare. A waɗannan wasanni ne Nojim Maiyegun ya ci wa Najeriya lambarta ta farko, Eddie Blay ya ƙara wa Gana ɗaya, Joe Frazier kuma ya ci zinaren manyan masu nauyi. Ga baƙon da ya zo daga ƙasar da ba a taɓa jin sunanta a fagen ba, zama cikin takwas na duniya ba ƙaramin abu ba ne.

Bayan shekara huɗu ya je Meksiko, wannan karon tare da wani ɗan damben Nijar, kuma ya sauko zuwa ajin kilo 63.5. Rage kilo uku da rabi ga mutumin da jikinsa ba kitse aiki ne na watanni, da kame baki da gumi. Birnin Meksiko yana kan tudu mai tsawon mita 2,240, iskarsa ba ta ƙosar da huhun wanda ya saba da kwarin Kwara, ko da yake ƴan gudun Habasha da Kenya sun ji daɗinta. An yi damben a zauren Arena México, gaban jama'ar da ta ɗauki dambe kamar abincinta: cikin zinare uku da ƙasar ta ci a shekarar, biyu daga dambe suka fito, na Ricardo Delgado da na Antonio Roldán. Dabore bai kai inda ya kai a Tokiyo ba. Yevgeny Frolov na Tarayyar Sobiyet, wanda ya ci azurfar wannan aji a 1964, shi ne ya fitar da shi.

Yawancin ƴan dambe a nan suke tsayawa. Mai son kuɗi ya koma damben sana'a, wanda ya gaji ya ajiye safa. Dabore ya sake jiran shekara huɗu, ya isa Munik ta Jamus ta Yamma a 1972 yana da shekara 32, tsoho a ma'aunin damben Olamfik, inda akasari samari ƴan ashirin da kaɗan ne ke fafatawa. Tawagar Nijar ta ɗan ƙaru, har da Issoufou Habou da Mayaki Seydou a cikin ƴan damben. Ya ci gaba da zama a ajin kilo 63.5. Ya doke Odartey Lawson na Gana, ɗan ƙasar da ta fi kowace suna a damben Afirka ta Yamma a lokacin. Daga nan ya sake tsayawa a matakin da ya faɗi a Tokiyo, wannan karon da Park Tae-shik na Koriya ta Kudu, ya kuwa haye. A wasan kusa da na ƙarshe Angel Angelov na Bulgeriya ya fi shi, shi ma Angelov ya faɗi a hannun Ray Seales, saurayi ɗan shekara 20 wanda shi kaɗai ya ci wa Amurka zinaren dambe a shekarar. Dabore da Zvonimir Vujin na Yugoslabiya suka karɓi tagulla.

Wasannin Munik sun gudana cikin baƙin ciki, domin ranar 5 ga Satumba aka kai hari masaukin ƴan wasa, mutum goma sha ɗaya na tawagar Isra'ila suka mutu, aka dakatar da wasanni na ɗan lokaci kafin a ci gaba. Ga damben Afirka kuwa shekara ce ta albarka. Philip Waruinge na Kenya da Leo Rwabwogo na Yuganda sun ci azurfa, Prince Amartey na Gana ya ci tagulla, Isaac Ikhouria na Najeriya ma ya ci tagulla a ajin kilo 81. Bambancin Dabore da su shi ne, su sun fito daga ƙasashen da Ingila ta bar wa kulob-kulob da gasar ƙasashen renonta, inda ɗan dambe ke samun abokan gwaji da yawa kafin ya fita waje. Shi kuwa daga ƙaramin fage ya fito, a shekarar da fari yake cinye dabbobi da gonakin Sahel.

Abin da ya biyo baya bai taimaki wasan ba. Farin ya tsananta a 1973, gwamnati ta koma neman abin da jama'a za su ci. Ranar 15 ga Afrilu 1974 sojoji a ƙarƙashin Seyni Kountché suka kifar da Diori. Nijar ba ta je Montreal a 1976 ba, lokacin da ƙasashen Afirka suka ƙaurace saboda hulɗar wasanni da gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu, ba ta kuma je Mosko a 1980 ba. Sai 1984 ta koma, a Los Angeles. Shekara goma sha biyu ke nan ba a ga ɗan Nijar a fagen ba, kuma a rayuwar ɗan dambe wannan tsara guda ce sukutum. Samarin da labarin tagullar Munik ya zaburar sun tsufa ba su sami inda za su gwada kansu ba.

A daidai wannan lokaci ƙasa ta zaɓi wasanta. A 1975 aka fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin zakara na farko. Gasar ta riƙa zagaya jihohi, aka gina filayen kokowa a manyan birane, rediyo da talabijin suka kai ta kowane gida. Zaɓin yana da hujja, domin kokowa ta kowa ce, tana kuma haɗa kan ƙabilu. Sai dai dambe, na gargajiya da na safa, bai sami irin wannan gata ba. Ɗan damben Matamaye ko Magarya da ya yi fice, hanyarsa kudu take bi, zuwa gidajen damben Kano da Katsina da Dei-Dei ta Abuja, inda ake biyan kuɗin shiga kuma masu kallo ke yin kari. Babu tsanin da zai hau daga filin kaka zuwa tawagar ƙasa. Ba kuma kowane gwanin gargajiya ne zai iya boksin ba, tun da can hannu biyu ke aiki, tsayuwar ma daban ce; sai an kama yaro tun yana ɗanye.

Ƙasar Meksiko ta nuna abin da irin wannan tsani ke haifarwa. A can akwai gidajen horo a unguwannin talakawa, da gasar matasa, da wasan kuɗi na mako-mako, a babban birninta kuma aka kafa hukumar dambe ta WBC a 1963. An fi sanin ƴan ƙasar a ƙananan azuzuwa, amma da yake rijiyar ba ta ƙafewa, har ajin Siki suka kai: a 2003 Julio César González ya je Hamburg ya doke Dariusz Michalczewski, wanda ya yi wasa 48 ba a ci shi ba, ya karɓi kambun WBO, a 2019 kuma Saúl Álvarez ya ƙwace wannan kambu daga Sergey Kovalev. Ƙarfin zuciyar saurayin Damagaram bai gaza na saurayin Meksiko ba. Abin da ya rasa shi ne mai horarwa a kusa da gida da wasa a kai a kai.

Nijar ta ci gaba da aika ƴan dambe jefi-jefi, kamar Moustapha Hima da ya je Landan a 2012, amma babu wanda ya kai inda Dabore ya kai. Lambarsa ta zauna ita kaɗai shekara 44, har watan Agusta na 2016, lokacin da Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ci azurfar taikwando a Rio bayan ya faɗi a wasan ƙarshe a hannun Radik Isaev na Azarbaijan. A 2017 kuma Alfaga ya zama zakaran duniya a Muju ta Koriya ta Kudu. Dabore ya rayu ya ga magajin nasa kafin ya rasu. Filin kokowa na birnin Yamai yana ɗauke da sunan Dabore, kuma har yau tagullar Munik ita ce lambar Olamfik guda ɗaya da Nijar ta taɓa ci a dambe.