Daga Virchow Zuwa Bena: Tarihin Fahimtar Dangantakar Kumburin Hanji da Sankara

A ƙasar Bena, cikin masarautar Zuru, kamar sauran karkarar Arewa, duk jinin da ya biyo bayan gida basir ake ce masa ko atini, a sha saiwa a ci gaba da noma. Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bi diddigin yadda masana suka gane cewa kumburin babban hanji, idan ya daɗe, yana iya rikiɗa ya zama sankara.

Bajamushe Rudolf Virchow ne, a shekarar 1863, ya lura da fararen ƙwayoyin jini a cikin ƙari, ya ce sankara kan tsiro inda kumburi ya jima. A 1925 Crohn da Rosenberg suka ba da rahoton sankarar dubura ga mai gyambon hanji. Amma a Afirka wani ra'ayi ne ya yi rinjaye. A 1971 Denis Burkitt, likitan da ya daɗe a Yuganda, ya nuna cutar ba ta da yawa a nahiyarmu, ya danganta haka da dusar da ke cikin abincinmu. Maganarsa tana da hujja, sai dai a ganinmu ta sa an saki jiki, har aka ɗauki cutar ta Turawa ce.

Yadda abin yake faruwa kuwa bai fito sarari ba sai a 2004, sa'ad da Michael Karin da almajiransa a San Diyego ta Amurka suka yi gwaji da ɓeraye. Akwai wani sinadari, NF-kB, wanda ke isar da saƙon garkuwar jiki a cikin ƙwayar halitta. Da suka toshe hanyarsa a fatar cikin hanji, sai yawan ƙari ya ragu ƙwarai, alhali kumburin bai lafa ba. Da suka toshe ta a fararen ƙwayoyin jini, sai ƙarin ya fito ƙanana. Watau saƙon da aka aiko don warkar da rauni shi ne ke hana lalatacciyar ƙwaya mutuwa, ya kuma ciyar da ita. A 2009 aka tabbatar IL-6 da STAT3 suna cikin 'yan aiken. Wani nazari na 2001 ya riga ya ƙiyasta haɗarin ga masu gyambon hanji: kashi 2 cikin ɗari bayan shekara 10, kashi 18 bayan shekara 30.

A nan sai mu yi hattara, domin gyambon hanji dabam, atini dabam. A 1994 hukumar binciken sankara ta duniya ta tabbatar tsargiyar fitsari tana jawo sankarar mafitsara, amma tsargiyar hanji irin ta Afirka ba ta yanke mata hukunci ba. Wannan tambaya ta fi shafar mai wanka a rafin Bena bisa ga mutumin San Diyego, kuma amsarta tana bukatar a leƙa hanjin mai jini da na'ura, a yanki tsoka a duba, tun kafin a sa wa ciwon suna basir.