Kalmomin Turanci masu furuci ɗaya, rubutu daban: yadda ake bambance su

A garin Wudil na jihar Kano, mazaunin Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da Kwalejin Horas da 'Yan Sanda ta Najeriya, da Turanci ake karatu da jarrabawa da rubuta rahoto. Ɗaya daga cikin tarkunan wannan harshe shi ne kalmomin da kunne ke ji iri ɗaya, alhali rubutu da ma'ana sun raba su.

Mai jin Hausa ya saba da akasin haka. A rubutun boko, "gari" na zama da "gari" na tuwo haruffansu ɗaya, tsawon wasali ne ke raba su a baki.

Asalin matsalar

William Caxton ya kafa maɗaba'a ta farko a Ingila a shekarar 1476. Sannu a hankali rubutu ya daidaita, furuci kuwa ya ci gaba da sauyawa. Shi ya sa "meet" da "meat" suka haɗe a baki, aka kuma daina furta harafin k na "knight" har ta yi daidai da "night".

Inda kuskure ke da tsada

"Bail" beli ne, "bale" dila ce ta kaya. "Cell" ɗakin tsare mai laifi ne, "sell" sayarwa. "Steal" sata ce, "steel" ƙarfe. "Counsel" lauya ne ko shawara, "council" majalisa. "Herd" garke ne, irin wanda ake korowa kasuwar kara ta Wudil ranar Juma'a, "heard" kuwa "ya ji". Jami'in da ya musanya irin waɗannan a takardar bayani ya buɗe wa lauyan wanda ake tuhuma ƙofar tantama. Manhajar Turanci ta JAMB ma ta ambaci irin waɗannan kalmomi a sashen furuci.

Hanyar bambancewa

A fara duba aikin kalmar a jimla: suna ce ko aikatau? Sannan a nemi danginta: "heard" na ɗauke da "hear", "sell" na tafiya da "seller". A riƙa haddace kowace cikin jimla, ba ita kaɗai ba.

Kada a dogara da mai gyaran rubutu na waya ko kwamfuta, domin duka kalmomin biyu suna cikin ƙamus, sau da yawa ba ya ganin laifinsu. Idan an yi shakka, a buɗe ƙamus kafin a sa hannu.