Malerkotla: Garin Da Wutar 1947 Ta Kewaye

Sunan Panjab daga Farisanci ya fito, ma'anarsa kuwa ruwa biyar, watau kogunan nan biyar da suka ratsa ƙasar: Jhelum da Chenab da Ravi da Beas da Sutlej. Shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce mai albarkar alkama da shinkafa, wadda a yau wani ɓangarenta ke cikin Pakistan, wani kuma cikin Indiya. A ɓangaren Indiya, kudu da kogin Sutlej, a kan hanyar da ta tashi daga Ludhiana zuwa Sangrur, akwai wani matsakaicin gari da ake kira Malerkotla. Ƙidayar 2011 ta nuna mutanensa sun kai kimanin 135,000, kuma wajen kashi biyu cikin uku nasu Musulmi ne. Wannan abin mamaki ne, domin a duk jihar Panjab ta Indiya Musulmi ba su wuce kashi 2 cikin 100 ba. Dalilin da ya sa haka shi ne abin da muke so mu duba tare da mai karatu.

Asalin garin unguwa biyu ne. Maler ita ce tsohuwa, wadda wani shehi mutumin Afganistan, Sadaruddin, wanda aka fi sani da Haidar Shehu, ya kafa a 1454, bayan Sarkin Delhi Bahlul Lodi ya aura masa 'yarsa ya kuma ba shi ƙasa. Kotla kuwa wani daga cikin zuriyarsa, Bayazid Khan, shi ya gina ta da ganuwa a 1657, a zamanin daular Mugal. Daga nan gidan ya riƙa sarauta da laƙabin Nawab, unguwannin biyu kuma suka yi ta faɗaɗa har suka haɗe.

A wajajen 1705 aka yi abin da ya fitar da sunan garin. A lokacin, Guru Gobind Singh, jagora na goma na mabiya addinin Sikh, yana yaƙi da dakarun Sarki Aurangzeb. Sai aka kama ƙananan 'ya'yansa biyu, Zorawar Singh da Fateh Singh, babban ɗan shekara tara, aka kai su gaban Wazir Khan, gwamnan Sirhind. Aka nemi su bar addinin ubansu, suka ƙi, aka yanke musu hukuncin a gine su da rai cikin bango. Nawab na Malerkotla, Sher Muhammad Khan, yana cikin fadar a ranar. Ba masoyin Guru ba ne, domin ya yaƙe shi, ya kuma rasa 'yan'uwa a yaƙin. Amma duk da haka ya miƙe ya ce wannan zalunci ne, Musulunci bai yarda da kashe yara saboda abin da ke tsakanin manya ba. Ba a saurare shi ba, aka kashe yaran. Mabiya Sikh sun ce da labari ya kai wa Guru, sai ya tambaya ko akwai wanda ya buɗe baki, da aka faɗa masa sunan Nawab sai ya sa wa gidansa albarka. Har yau suna kiran wannan magana tasa da sunan da ke nufin kukan neman adalci, akwai ma ɗakin ibadarsu a garin da aka gina don tunawa da ita.

Kada mai karatu ya ɗauka daga nan sai aka zauna lafiya lau. Shi kansa Sher Muhammad Khan ya sake fita fagen yaƙi da mayaƙan Sikh a 1710. A watan Fabrairu na 1762 kuma, a Kup, 'yar tafiya kaɗan daga garin, rundunar Ahmad Shah Durrani ta karkashe dubban mabiya Sikh, maza da mata da yara, kuma mai mulkin Malerkotla na lokacin yana ɓangaren Durrani. A 1809 masarautar ta shiga ƙarƙashin kariyar Turawan Ingila, waɗanda suka bar Nawab bisa gadonsa suna juya shi, kamar dai yadda suka yi da sarakunanmu daga baya. A watan Janairu na 1872 wasu 'yan ɗarikar Namdhari ta Sikh suka far wa garin saboda yankan shanu, aka yi asarar rayuka. Wani jami'in Bature mai suna Cowan ya sa aka ɗaure waɗanda aka kama a bakin igwa aka harba, ba tare da shari'ar kirki ba. Cikin kwana biyu an kashe fiye da mutum 60. Ashe ke nan duk wanda ke neman dalilin ƙiyayya a tarihin Malerkotla zai samu har ya yi guzuri.

Ranar gwaji ta zo a 1947, lokacin da aka raba Indiya da Pakistan, iyaka ta tsaga Panjab gida biyu. Fiye da mutum miliyan 10 suka bar gidajensu, dubban ɗaruruwa suka halaka a kan hanyoyi da cikin jiragen ƙasa. Musulmin gabashin Panjab kusan duk suka yi ƙaura ko aka kashe su, haka kuma Hindu da Sikh na yammaci. Amma a cikin Malerkotla ba a yi wannan kashe-kashen ba. Musulmin ƙauyukan kewaye suka riƙa tururuwa zuwa can, domin an san wanda ya taka ƙasar Nawab ya tsira. Wasu suka wuce Pakistan da ƙura ta lafa, wasu da yawa kuwa suka zauna, shi ya sa yawan Musulmin garin ya ƙaru a daidai lokacin da na sauran garuruwa ya ƙare.

Idan aka tambayi mutanen garin dalili, akan sami amsa iri-iri. Wasu su ce albarkar Guru ce, wasu su ce ta Haidar Shehu ce, wasu kuma su ce Nawab Ahmad Ali Khan yana da sojojinsa da 'yan doka, ya kuma tsaya tsayin daka. Wata masaniya Ba'amurkiya, Anna Bigelow, wadda ta zauna a garin ta kuma fitar da littafi a kansa a 2010, ta nuna cewa zaman lafiyar nan aiki ne da ake yi kullum. Ana yin sa a hubbaren Haidar Shehu, inda Hindu da Sikh ke cika wuri a daren Alhamis, har sukan fi Musulmi yawa a lokacin bukukuwa. Ana yin sa a kasuwar kayan lambu da garin ya yi suna a kanta, da rumfunan masu ɗinkin bajo da zaren zinari, inda ciniki ya ɗaure kowa da kowa. Ana kuma yin sa a zaman dattawan addinai uku da kan haɗu da zarar an ji ƙishin-ƙishin ɗin fitina.

Fitinar kuwa takan leƙo. A watan Yuni na 2016 an tsinci yagaggun shafukan Alƙur'ani a garin, jama'a suka fusata, aka ƙona motoci, amma abin bai koma maƙwabci ya far wa maƙwabci ba. A 2020 Musulmin garin suka tara tan 33 na alkama suka kai ɗakin dafa abincin sadaka na babban wurin ibadar Sikh da ke Amritsar. Sarautar Nawab ta daɗe da shuɗewa, domin masarautar ta narke cikin Indiya a 1948, amma a 2021 gwamnatin Panjab ta mai da Malerkotla gunduma mai zaman kanta, aka kuma yi shelar haka ranar ƙaramar salla.

To, mu da muka ɗauki alƙalami sana'a, akwai abin lura a nan. Mutanen Malerkotla ba su manta da Kup ba, ba su kuma manta da igwar Cowan ba, domin akwai gine-ginen tunawa da su duka. Sai dai labarin da suka zaɓa su riƙa ba 'ya'yansu shi ne na mutumin da ya faɗi gaskiya a fada alhali bai ci ribar komai ba, bai ma ceci yaran ba. Shekara fiye da 240 ana maimaita shi a gida da wurin ibada kafin a ga amfaninsa. Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, amma sai an sami masu riƙe labarinsa. Kowane gari yana da irin waɗannan mutane a tarihinsa, galibi kuma labarin mayaƙa ya danne nasu. Tono su da rubuta su yadda yaro zai karanta ya riƙe, aikinmu ne. Allah Ya ba mu iko.