Tsoron Kimiyya Ba Gadonmu Ba Ne

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai da malamanmu masu daraja, duk wanda muka yi aji uku tare zai tuna ranar da aka raba mu, wasu ajin kimiyya, wasu ajin adabi da tarihi. Ni kam gudun kimiyya na yi, ba don na faɗi lissafi ba, sai don an riga an cusa mana cewa ita sai masu ƙwaƙwalwa ta musamman. Abin da ya sa na bi diddigin tarihin al'amarin ke nan.

Ashe ba mu kaɗai ba ne. A 1957 da Tarayyar Sobiyat ta harba tauraron ɗan'adam na farko, Sputnik, hankalin Amurka ya tashi, har a 1958 ta kafa dokar zuba kuɗi a koyar da kimiyya da lissafi. A Ingila kuwa, Gidauniyar Nuffield ta soma wani shiri a 1962 domin yaro ya riƙa gwaji da hannunsa maimakon hadda, saboda hadda na kashe sha'awa.

A nan gida, a 1977 Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa saboda ƙarancin likitoci da injiniyoyi 'yan jiha. Aka zaɓo yara, aka ba su ɗakin gwaji da malamai, aka nuna musu za su iya. Sai ga 'ya'yan talakawa sun zama likitoci.

Sai dai maki daban, yarda da kai daban. A gwajin ƙasa da ƙasa na TIMSS na 1995, ɗaliban Japan da Koriya ta Kudu suna sahun gaba, amma da yawansu suka ce ba su gwanance ba. Daga baya binciken ROSE na Jami'ar Oslo ya nuna yaran Ghana da Uganda sun fi na Norway da Japan marmarin zama masana kimiyya.

Ke nan sha'awa muna da ita. Wanda zai hura wutar ne ake nema. Don haka ina roƙon likitoci da injiniyoyin cikinmu su riƙa leƙa ƙannenmu a aji, su ga ɗan unguwarsu ya kai. Kada wani yaro ya gudu kamar yadda na gudu.

Allah Ya jiƙan malamanmu da suka rigaye mu, amin.