Daga Aji Zuwa Kujerar Edita: Darasi Daga Rayuwar Aikin Abubakar Imam

Da yawanmu mun san Alhaji Abubakar Imam ta hanyar littattafansa, amma ba kasafai muke kallonsa a matsayin ma'aikacin da ke da maigida da ofis da wa'adin miƙa aiki ba. Wannan ɓangaren nake so mu duba a wannan makon.

An haife shi a Kagara a 1911. Bayan ya gama Kwalejin Katsina a 1932, sai ya kama aikin koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. A 1933 Hukumar Talifi da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai da Hausa. Malamin makaranta ne mai shekara 22, amma bai ce aiki ya yi masa yawa ba. Ya rubuta Ruwan Bagaja ya aika. Littafin ya shiga cikin biyar ɗin da aka buga, tare da Ganɗoki na yayansa Malam Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Nan ne aikin shugaba ya bayyana. East bai tsaya ga yabo kawai ba. A 1936 ya nemi a ba shi aron Imam zuwa Zariya, ya tara masa littattafan labaran Larabawa da na Turawa da na wasu al'ummu, ya ba shi lokaci da wurin zama. Daga wannan zaman ne aka samu Magana Jari Ce littafi uku. Imam bai kwashe labaran yadda suke ba, sai da ya ɗinka musu rigar Hausa, ya sa su a bakin aku. Shugaba ya hango baiwa ya ba ta kayan aiki, ma'aikaci kuma ya mayar da fiye da abin da aka ba shi.

Da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939, Imam ne ya zama editanta na Hausa, ya kuma riƙe kujerar fiye da shekara goma. A zamaninsa aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945.

Sai dai biyayya ga aiki ba ta mayar da shi ɗan amshin shata ba. A 1943 ya je Ingila cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma. Nnamdi Azikiwe ya shirya takardar neman mulkin kai, Imam ya ƙi sa hannu domin bai gamsu cewa ta wakilci Arewa ba. A wannan tafiyar kuma ya gana da Lugard, ya faɗa masa matsalolin Arewa ba tare da kwana-kwana ba. Ko ka yarda da matsayinsa ko ba ka yarda ba, bai ari bakin kowa ya ci masa albasa ba.

To, mu yau fa? Sau nawa muke fushi idan edita ya ja layi a rubutunmu? Sau nawa muke barin gasa ta wuce da hujjar hidimar ofis ko shago? Ku kuma da kuke riƙe da ƙungiyoyinmu, wane matashi kuka taɓa miƙa wa littafi, kuka zauna kuka gyara masa shafi guda?

Da Imam ya ajiye alƙalami a 1933, da ba mu san Alhaji Imam da Malam Zurƙe ba. Da East ya karanta ya yi shiru, wataƙila da ba mu san Waziri Aku ba. Imam ya rasu a 1981, amma har gobe ana karanta shi a makarantu. Allah Ya jiƙansa da rahama, Ya albarkaci alƙalumanmu.