3.2 Shugabancin Fursunoni da Jituwarsu da Hukuma a Tsibirin Robben

Wannan sashe zai duba yadda fursunonin siyasa suka shugabanci kansu a kurkukun Tsibirin Robben da ke Afirka ta Kudu, da kuma yadda wannan shugabanci ya sa dole hukumar gidan ta nemi jituwa da su.

A lokacin da aka kai Nelson Mandela da abokansa tsibirin a 1964, rayuwa ta yi tsanani ƙwarai. Fursuna kan wuni yana fasa dutse, kuma ziyara ɗaya da wasiƙa ɗaya kawai ake ba shi a wata shida. A cikin wannan hali ne 'yan ƙungiyar ANC suka kafa majalisar sirri ta mutum huɗu, wato Mandela da Walter Sisulu da Govan Mbeki da Raymond Mhlaba. Ita ke tattara koke-koke, ta sasanta rigingimu, ta kuma isar da saƙo tsakanin sassan kurkukun. Bugu da ƙari, fursunonin babban sashe sun kafa ƙungiyar ƙwallon ƙafa mai suna Makana, wadda take da rubutattun dokoki da alƙalan wasa da kwamitin ladabtarwa.

Ƙarfin wannan tsari ya fito fili ne bayan an naɗa Kanar Piet Badenhorst shugaban gidan a 1970. Ya dawo da duka da horo mai tsanani, har Mandela ya kai ƙararsa gaban alƙalai uku da suka kawo ziyara, shi kuwa yana tsaye yana ji. Ba a jima ba aka ɗauke shi. Wanda ya gaje shi, Kanar Willemse, ya tarar fursunoni sun kusa daina aiki a mahaƙar farar ƙasa. Sai ya nemi taimakon Mandela, shi kuma ya ce sai an bar su sun yi taro sun tattauna. Willemse ya amince, duk da cewa dokar gidan ta hana irin wannan taro.

Daga wannan za a fahimci cewa makulli yana hannun gandiroba, amma zaman lafiyar yau da kullum ya dogara ne ga shugabannin fursunoni. Sai dai jituwar ba ta rasa masu suka ba, domin matasan da aka kawo bayan boren Soweto na 1976 sun ɗauke ta a matsayin sassauci ga azzalumi.